Ɗan Dakon Zafi

Laraba, kafin assalatu,
na sauka matakala goma sha bakwai
zuwa ƙarƙashin asibitin Sinnar,
inda injin ke kwana yana gurnani.
Usta Ɗantani bai zo ba.
Yanar ido ta zaunar da shi a Mai Wurno,
makullan yau suna aljihuna,
sun fi jiya nauyi.

Ya sha gaya min: wannan ba ya ƙera sanyi.
Ɗan dako ne.
Zafin ɗakin haihuwa yake ɗauka a ka
ya kai wa kogi, kogi ya wuce da shi Khartum.
In sanyin Janairu ya sauko, sai ya juya tafiya,
ya roƙo ɗumi a ruwa ya kawo wa jarirai.
Ɗan dako kuwa, ka bar masa ƙaya a ƙafa,
kai za ka ɗauki kayan.

Na kashe wuta, na rataya kwaɗo a makunni.
Na ɗaure bawul na shiga, na ɗaure na fita.
Shiru ya faɗo kamar an kife ƙwarya.

Noti takwas ne a murfin rariya,
na bakwai mai taurin kai,
sai da na ba shi mai, na ba shi haƙuri.
Da murfin ya buɗe, ga damina a kwance:
jar laka daga duwatsun Habasha,
tsakuwa, gansakuka, marfin kwalba,
da ɗan kifi bai kai yatsa ba,
yana buɗe baki kamar mai neman bashi.
Na sa shi a kofin shayin Usta.

Sai bututan jan ƙarfe.
Kanwar ruwa ta yi musu ɓawo,
fari, siriri kamar na ƙwai,
amma wannan ɓawon kaɗai
ya isa ya sa zafi ya ƙi haye.
Na zura burushi, na jawo. Na zura, na jawo.
Arba'in da biyu. Kafaɗa ta ƙirga, ba ni ba.
Ruwan ɗauraya ya fito kamar kunun kanwa,
ya koma kamar tsari,
sannan ya fito ina ganin tafina a cikinsa.

Sabuwar roba a bakin murfi.
Giris a famfo, ɗan kaɗan,
mai yawa ma cuta ne.
Na saki ruwa, na ba da wuta,
allurar agogo ta tashi, ta yi rawa, ta ƙi zama.

Na kira shi.
Bai tambayi lafiyata ba.
Ya ce, kara wayar a jikin famfo.
Na kara. Na ji zakaransa yana cara ta can,
na ji shi yana riƙe numfashi.
Ya ce, Sambo, ka shayar da shi iska.
Sassauta ƙaramin dunƙulen da ke bisa,
bar shi ya yi gyatsa.
Ya yi huci, ya tofa min ruwa a gemu,
allura ta tsaya cak.
Ya ce, to. Ya kashe waya.
Shekara shida ina jiran wannan to ɗin.

A littafin aiki, rubutunsa yana ta girma
shafi bayan shafi, kamar mai ɗaga murya,
na ƙarshe ya zame daga layi.
Na sa kwanan wata a ƙarƙashinsa,
zafin ruwan shiga, zafin ruwan fita,
ban san inda zan sa sunana ba.

A sama, Sista Awadiyya ta ja mayafi
ta rufe ƙafar wata da aka haifa da daddare.
Ba ta san na zo ba. Haka ake so.

Na bi ta bayan katanga da kofi a hannu.
Kogi ya cika, ja wur, yana sauri.
Na ce da kifin, kada ka sake biyo bututu,
sati biyu ne kafin in dawo.